Muryar Kaka Fanta

Kassim saurayi ne a unguwar Kara-Kara, mai kaifin basira, amma ba ya son a ce wani ya fi shi sani. Tun da ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, da ɗan mikro, sai ya ɗauki kansa gwanin naɗar sauti.

Kakarsa Fanta ita kaɗai ta rage a dangi da ta san waƙoƙin bikin da kakanninsu suka zo da su daga Barno. Da ƙarfinta ya fara raguwa, kawunsa Modu ya ce a kai ta situdiyo a naɗi muryarta.

Kassim ya ce, "Kawu, me za su yi wanda ba zan iya ba? Ku bar mini."

"Ɗakinka rufin kwano ne, ga injin niƙa a bayanku."

"Duk ordinatar za ta goge."

Ya zaunar da tsohuwa a ɗakinsa, ya kunna bantilatar, wato fanka, saboda zafi, ya manna mata mikro a baki. Ta yi ta waƙa tun hantsi har azahar, tana share gumi. Da ta gama ta ce, "Maigidana, saurara mana. In bai yi ba, in sake."

"Ya yi, Kaka," in ji shi. Ko baiti ɗaya bai saurara ba, don abokai na jiransa a fada wajen shan shayi.

Da damina shanyewar ɓarin jiki ta kama Kaka, harshenta ya karye. Ranar ƙunshin Lubna, ƙanwar Kassim, mata suka taru, aka fito da tsohuwa kan tabarma, aka ce ya kunna waƙoƙin da ya naɗa. Sai rurin iska da ƙarar inji suka cika gidan, muryar na can ƙasa a tsage. Kaka ta yi ta motsa leɓe tana son kama waƙar, ta kasa.

Washegari ya kai sautin situdiyo. Mai wurin ya saurara, ya girgiza kai. "Abin da bai shiga ba, babu mai fito da shi."

Ba wanda ya yi masa faɗa, ko Kawu Modu. Har yau shi ke ba Kaka kunu da safe, amma ba ya iya kallon idonta.

Mallakar kayan aiki daban, sanin aiki daban. Abin da ba a samu sau biyu, a kai shi ga masu sana'arsa. Wanda girman kai ya hana shi tambaya, sau da yawa abin wasu yake lalatawa.