Yarima Kailani da 'Yar Reshe

Fure na biyu ya faɗo kan rairayi tun hantsi bai gama dagawa ba, sai Yarima Kailani ya ƙwalla ƙara ya diro daga kan taguwarsa, rungume da tukunyar tagulla.

Wata huɗu ke nan da ya bar mahaifinsa, Sarki Mazadu, kwance numfashi na sarƙe masa, malamai sun ce ba abin da zai kwance ƙirjinsa sai ƙamshin 'Yar Reshe, wani tsiro mai furanni uku da ke maƙale a ƙololuwar itatuwan Kurmin Aljanu. Saboda ita ya ƙetare Kogin Dalma, ya karya dakarun Boka Zamharir dubu, ya hau itace mai kamu saba'in macizai na saran sulkensa. Ga shi saura kwana uku ya isa gida, fure ɗaya tak ya rage, shi ma ya sunkuyar da kai.

"Iya Gundumi! Fito, don girman Allah!"

Hayaƙi ya tashi daga zobensa, tsohuwar aljanar da ta yi masa jagora ta bayyana tana miƙa. Ko da ta leƙa tukunyar sai ta dafe ƙirji.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan?"

"Ƙasa ce, Iya. Ta gonar gidanmu ce, da na ɗauro a jaka. Na ga saiwoyinta tsirara suna reto, na ji tausayinta. Ruwan salkata ma ita nake ba, kwana biyar rabona da in sha in ƙoshi."

"Tausayi! Jikan manoma, komai kuka gani sai kun binne shi! A ƙasa ka same ta? Wannan a jikin ɓawo take zama, kamar kauci, sai dai ita ba ta shan jinin itace, raɓa da iska kawai take ci. Maƙure ta ka yi."

Ya tone ƙasar. Saiwoyin sun ruɓe sun yi baƙi suna wari, in ban da guda ɗaya siririya mai ɗan kore a baki.

"Ki mayar da ni kurmin."

"Wata guda ne, ko a fukafukina. Ubanka zai jira?"

"To, in ɗaura ta a jikin mashina."

"Busasshe ne. Itace mai rai take so, kafin rana ta take tsaka."

Kailani ya duba gabas, ya duba yamma. Ko ƙaya babu, rairayi ne har iyakar gani. Jarumin da bai taɓa durƙusa wa sarkin aljanu ba ya zube a gwiwa, ya kare saiwar da inuwar garkuwarsa, hawaye na zuba. "Da hannuna na kashe Baba, Iya."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi rana. Inuwa ta yi ta tsukewa.

Can sai ƙasa ta fara girgiza. Wani kunkuru mai girman tsauni ya ɓullo daga bayan tudu, a gadon bayansa ga tsamiya kore shar, ƙarƙashinta wata mace mai lulluɓin sulke. Kailani ya zabura da murna, amma Iya Gundumi ta shige zobe a guje, tana cewa: "Kada ka amsa mata komai!"

Matar ta dubi furen, ta dubi rana, ta yi murmushi.

"Ina da reshe, Yarima. Amma duk wanda ya hau nan, ba ya sauka. Ka hau, ko in wuce?"