Iyakar Ƙasar Kaji

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, mun kasa kunne.

Kaji suka gaji da zama abincin kowa, sai jagoransu Malam Zakara ya je gaban Zaki neman ƙasa tasu ta kansu.

Zaki ya tuntsire da dariya. "Kura za ta ruga. Inda ta daina jin kiran sallarka, nan ce iyakarku."

Da asuba Malam ya ɗaga murya. Zakaran ƙauyen gaba ya amsa, na gabansa ya karɓa, kamar yadda suka saba. Kura ta yi ta gudu tana jin cara har ta afka kogi.

Zaki ya ce, "Kai Malam, duk wannan muryarka ce?"

"Ta jama'ata ce, ranka ya daɗe. Ni farawa kawai na yi."

Zaki ya sallama musu har bakin kogi, kaji suka wuni suna rawa.

Ƙurunƙus, ga kan ɓera ku raba!