Mutumin da ya toshe bakin bango da fenti

"Abah, me ya sa ɗakin ƙasa na gidan kawu Engkos ba ya wari, namu kuma kamar jiƙaƙƙen tsumma?"

Ya 'yan uwa, wannan tambayar yarinya ce ga Abah, wato babanta, kuma a gaban baƙi ta yi ta. An yi wani mutum a garin Bogor, gidansa da na ƙanensa Engkos suna jere a jikin gangare ɗaya. Kowane gida yana da ɗaki a ƙarƙashi, bangonsa na baya ya jingina da tudu. Ranar an taru walimar buɗe ɗakin Engkos, ana shan shayi da soyayyar ayaba. Da Nunung, 'yar mutumin, ta yi tambayarta, sai aka fashe da dariya. Shi ma ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Engkos ya sha wahala kafin ɗakin nan ya yi kyau. Ya haƙa bayan bango ya zuba tsakuwa, ya fitar wa ruwa hanya. Ya kankare hunhuna, ya bar bango ya bushe tsawon rani, sannan ya shafa fenti. Duk wannan wan ya gani da idonsa. Amma mai hassada ba ya ganin gumi, ƙyalli kawai yake gani.

Da ya ji matan unguwa sun mayar da karatunsu na mako ɗakin Engkos, sai abinci ya daina yi masa daɗi. In ya ji an ce "ɗakin nan ba laima ko kaɗan," sai ya ji kamar shi ake zagi. Shi ne babba. Yaya za a yi ƙane ya fi shi ɗaki?

Ana tsakiyar damina ya sayo fenti mai kauri, mai sheƙi, irin wanda ruwa ba ya ratsawa. Bango a jiƙe yake, in ka dafa sai tafinka ya yi sanyi. Ya shafe shi haka, har daɓen ƙasa.

A gindin bangon akwai 'yan bututu da mahaifinsu ya saka tun ginin farko, ta nan ruwan tudu ke ɗiga yana bin kwata. Sun ɓata masa kwalliya. Ya cusa musu siminti, ya bi da buroshi.

Matarsa Imas, wadda ke kiransa Kang, wato Yaya, ta ce, "Kang, ka toshe wa ruwa baki, ta ina zai fita?"

Ya ce, "Ya koma inda ya fito. Ke mai gini ce?"

Engkos ya leƙo, ya ga aikin, ya ce, "Kang, don Allah buɗe bututun nan. Sauran na taya ka idan rani ya yi."

"Oho, tsoro kake kada nawa ya fi naka? Je ka riƙe matan unguwarka."

Ɗaki ya fito fes, kore shar. Don a san ɗakinsa ya fi, sai ya ce nan yara za su riƙa karatu da wasa. Ba a daɗe ba fentin ya fara bororo, in ka latsa ruwa ya tsirto. Nunung ta fara tari. Imas ta hana ta shiga, shi ya mayar da ita, don kada maƙwabta su ce ɗakin ba ya zaunuwa. Ya ƙaro fenti ya rufe kumburin.

Ina tambayar ku, iyaye: wane yabo ne ya kai numfashin ɗanka?

Wata rana bayan la'asar aka tsuge da ruwan da muka saba. Ruwan da aka hana fita ya taru a bayan bango har bangon ya gaza. Ya tsage, ya kifo ciki da laka da duwatsu. Nunung tana zaune a ƙasa tana aikin makaranta.

Engkos ne ya fara isa, da hannu ya tone ta. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafarta ta dama ba ta koma daidai ba. Gidan ya karkace, aka ce kada kowa ya sake kwana a ciki. Imas ta kwashe yaranta ta tafi gidan iyayenta a Sukabumi, ba ta ce masa ko sai wata rana ba.

Ya 'yan uwa, ba ruwan sama ne ya rushe gidan nan ba, kowa an yi masa ruwan a ranar. Hassada ce ta sa shi gaggawa, ita ta toshe masa kunne, ita ta sa ya ga mai ba shi shawara a matsayin abokin gaba.

Kai mai karatu, in ɗakinka yana danshi, nemo inda ruwan yake shigowa, ka bar bango ya bushe kafin ka taɓa buroshi, kuma kada ka kwantar da yaro a inda hancinka ya ƙi. In kuwa alherin ɗan uwanka ne yake hana ka sukuni, ka yi masa addu'ar albarka tun kafin abin ya faɗo kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana 'ya'yanmu daga sharrin zukatanmu. Amin.