Ƙwallon Ƙarfen Baba Harinand

Akwai wani dattijo mai suna Harinand a wani kamfanin sukari a Fiji. Shekara talatin yana wanke bututun tukunyar dafa ruwan rake, dogaye sirara, ko hannun jariri ba ya shiga.

Duk Lahadi in an kashe wuta, sai ya shiga tukunyar da burushin waya. Bututun da ya goge, sai ya jefa masa ɗan ƙwallon ƙarfe. In ya ji "ƙwal" a ƙasa, ya yi gaba. In shiru, ya sake gogewa.

Sai aka kawo sabon shugaban aiki, Ilisoni, mai ji da kansa. Ya haska tocila, ya ga bakin bututu na ƙyalli.

"Baba, wasan yara ka zo yi? Mutanena sun gama tukunya ta biyu tun rana tsaka. Fito mu kunna wuta!"

"Ɗana, baki ka gani, dattin yana tsakiya. Saura bututu arba'in."

"Ƙarfe huɗu in ba ka fito ba, a bakin aikinka!"

Aikin nan ne cin Harinand da shansa. Amma ya ƙi cire kwaɗonsa daga ƙofar tukunyar, kuma a ƙa'ida ba a kunna wuta sai mai kwaɗo ya cire da hannunsa. Ya ci gaba da guga, kafaɗa na zogi. Sai ƙarfe shida ƙwallon ya faɗo daga bututun ƙarshe. Yana fitowa aka miƙa masa takardar sallama.

To, ranar Laraba tukunya ta biyu ta toshe. Ga rake sararre jibge a taragu, in ya ƙara kwana biyu kawai zai yi tsami, har da na gonar mahaifiyar Ilisoni! Wallahi, tukunyar tsohon da aka kora ce kaɗai ta ceci raken nan.

Washegari Ilisoni ya iso gidan dattijon da saiwar itacen kava, wadda a al'adarsu ake kaiwa in za a nemi gafara, ya zauna a tabarma, kai a ƙasa.

"Baba, na yi wauta. Ka dawo."

Harinand ya karɓa, ya zaro ƙwallon daga aljihu ya danƙa masa.

"Zan dawo. Amma tukunya ta biyu kai za ka shiga. Ni ina ƙasa ina saurare."

Darasi: Kada ƙyallin waje ya ruɗe ka, kuma kada barazana ta sa ka bar aiki rabi. Mai gyara inda ido ba ya gani, ranarsa na zuwa. Ku tura wa duk mai raina aikin na ƙasa da shi.