Sito Ba Kango Ba Ne

Shekarar da ruwan Kwara ya ja baya har tsoffin turakun tashar jirgi suka fito fili, wata safiyar Laraba, Kulu mai bandar kifi ta tarar an shafa wa tsohon siton kamfani jan fenti a bango, an liƙa takarda a ƙofa. Ba ta yi boko ba, amma ba ta nemi a karanta mata ba. Duk garin Baure an san abin da jan fenti yake nufi.

Siton dogon gini ne na jan bulo a bakin ruwa, tsawonsa taku saba'in, faɗinsa ashirin. Zamanin da jiragen kamfani ke hawowa, nan ake tara gyaɗa da auduga da fatu. Mahaifin Kulu ɗan dako ne. Shekara talatin yana shiga da buhu a ka ta ƙofar baya, bai taɓa taka ta gaba ba. Da kamfani ya tashi, iska ta yaye kwanon, jemagu suka gaje wurin. Yanzu hukumar tsara gari ta ce a rushe, wani attajiri zai kafa ma'ajiyar fetur.

Kulu ta kira ƙannenta biyu: Nomau, tsohon tafintan kotu, da Arzika, masassaƙin jirgin ruwa.

"A ginin nan wuyan Baba ya karkace," ta ce. "Ina da rai ba mai zuba fetur a wurin."

"Yaya, ai ko mu ba ma shigarsa," in ji Arzika.

"To, sai mu fara."

Ku riƙe abin da kowannensu ya yi, don ku za ku yanke hukuncin.

Nomau ya karanta takardar sau uku, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. Kashegari ya sa tsohuwar rigarsa ta zuwa kotu, ya tafi zaman hukumar ba a gayyace shi ba.

"Ranka ya daɗe, takarda ta ce a rushe kango. Ni tafinta ne, ba na barin kalma ta wuce ban auna ta ba. Mene ne kango?"

Shugaban ya yi dariya. "Haba Malam, da furfurarka? Ginin da ba rufi, ba hayaƙi, ba mutane. Shi ne kango."

"Magatakarda, rubuta yadda ya faɗa."

Aka rubuta. Sai Nomau ya tambaya, in aka samu rufi da hayaƙi da mutane fa? Shugaban, yana share hawayen dariya, ya ce ya ba su kwana arba'in su gwada. Nomau ya sa aka rubuta wannan ma, ya tsaya har aka buga hatimi. Katafilar da aka shirya za ta zo ran Litinin ba ta zo ba.

Arzika ya kira kafintoci. Suka auna, suka ce rufin taku ashirin ba ginshiƙi a tsakiya sai da ƙarfe, ƙarfe irin wannan kuwa babu shi a Baure. Da suka tafi, ya kwanta rigingine a tsakar siton yana kallon sama har hantsi. Sannan ya tashi ya kakkaɓe kashin jemage, ya ce, "Wannan ai jirgi ne. Kife shi kawai za a yi."

Matattun jirage ya bi yana nema a gaɓa. Masuntan Baure ba sa sayar da jirgin uba, ko ya ruɓe, shi ma bai ce su sayar ba. Cewa yake, "Jirgin tsohonka ya ƙare a laka, ko ya tsaya bisa kan jikokinka. Zaɓi." Jirgi goma sha tara ya samu. Ya warware su, ya lanƙwasa wa rufin haƙarƙari yadda yake wa jirgi, ya jera katakon, ya toshe kowace kafa da auduga da kwalta. Rana ta ashirin da uku ya faɗo ya karya hannu. Aka yi masa ɗori da safe, da azahar yana ƙasa yana yi wa mutanensa tsawa. Da ruwan farko ya sauka, ko ɗigo bai shiga ba.

Rufi ya samu, amma ba mai shiga. Mutane suka ce aljanu. Kulu ta san ba aljanu ba ne. 'Ya'yan 'yan dako ne, an haife su da sanin cewa wannan ƙofa ba tasu ba ce. Ta ɗauki taɓarya ta fasa kwaɗon ƙofar gaba. Ta kwaso gangunan bandarta ta jera a bakin ƙofa, ta turara ɗanyar ciyawa da barkono kwana huɗu, har jemage na ƙarshe ya fita. Ta wanke daɓen da hannunta. Duk da haka mutane a waje suke tsayawa, su leƙa, su yaba rufi, su wuce.

Ana cikin haka 'yar Kulu ta haihu. Kulu ta raba goro, ta ce a sito za a raɗa suna. Surukanta suka tayar da ƙura.

"Suna a kango, Kulu? Haka za a fara wa jariri duniya?"

"Wa ya ce muku kango ne? Ku ɗaga kai ku gani. Wanda bai zo ba, kada ya aiko a ɗiba masa tuwo."

Ta san in abu ya sami jaririn, har ta mutu da ita za a riƙa nuni. Liman ya zo don kunyar goron da ya karɓa, maza suka biyo shi. Da la'asar mata suka cika wurin. Wasu tsoffin 'yan dako uku suka tuna waƙar da suke ɗaukar buhu da ita, suka rera ta a zaune, ba komai a kansu. Daga ranar ba a sake rufe ƙofar ba. Masu gyaran taru suka kama kusurwa ɗaya, mata masu koyon karatu suka kama wata. Ran Juma'a dambe, ran Asabar makaɗa. Mutane suka riƙa kawo hotunan kakanninsu suna ratayewa a bango.

Rana ta arba'in shugaban hukumar ya iso, katafila na biye da shi. Direba bai kashe inji ba. Mutanen da ke cikin siton ba wanda ya motsa. Shugaban ya ɗaga kai ya dubi cikin jirgin da ke kife a samansa, ya yi tari saboda hayaƙin kifi, ya sa magatakarda ya karanta abin da aka rubuta.

"Na yarda," ya ce. "Ba kango ba ne. Gida ne ke nan. Malam tafinta, kai mai auna kalma, akwai gidan da ba mai shi?"

Shugaban ya zaro wata takarda.

"Ga takarda. Layi ɗaya, suna ɗaya. Shi zai ce wa zai shiga, shi za a kama in rufi ya faɗo. In ba suna, gini ba mai shi, direba yana jira."

"A rubuta Baure," in ji Kulu.

"Baure ba ta da hannun da za ta sa."

Nan 'yan'uwan suka dubi juna, kuma ba wanda aka haifa da ja da baya a cikinsu. Nomau ya ce ba don kalmarsa ba, da tun Litinin ta farko an share wurin. Arzika ya ɗaga hannunsa mai ɗori, ya ce kalma ba ta tare ruwan sama. Kulu ta ce ta ga rufi mai kyau da takarda mai hatimi, kuma jemagu ne kawai a ƙarƙashinsu sai da ta shigo da mutane.

Shugaban ya ajiye biro a kan takardar, ya dubi agogonsa.

To, jama'a, inji na ruri a ƙofa, layi ɗaya ne. Sunan wa za a rubuta?