Wuƙar Bindigar Baba Hashimu

Kun taɓa ganin an kunyata dattijo don kawai ba wanda ya tsaya ya duba?

Akwai wani tsohon soja a Gangara, sunansa Hashimu. Ya yi wa Faransi yaƙi, ya dawo da ɗingishi da wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga. Kowa ya san tana rataye a ɗakinsa.

Daminar da aka sami 'yancin kai, aka soke saniyar wani makiyayi, Hamidu, a gefen gonar Tanimu, ta mutu. Ƙanen Tanimu, Balarabe, sabon ma'aikaci ne a buro, wato ofishin gwamnati, yana ji da takardarsa ta lakol, makarantar boko. Ya tara jama'a a kasuwa, ya sa aka ɗaure hannun Hashimu.

"Wa ke da wuƙar soja in ba kai ba? Zamanin iyayen gidanka ya wuce, tsoho. Gobe sai Agiye, wurin jandarma!"

Ku ji fa! Mutumin da ya isa ya yi jika da shi.

Hashimu ya ce, "Mushe Balarabe, a duba raunin."

"Ni za ka koya wa aiki?"

Sai ga Hamidu ɗauke da fatar saniyar. Ya shimfiɗa ta, ya ce, "Ni aka yi wa hasara. Ku kwance Baba, ya gwada."

Aka kawo wuƙar. Siririya ce kamar tsinke, ba ta da kaifi, gefenta huɗu. Hashimu ya soka ta kusa da raunin, ta bar ɗan rami mai kusurwa huɗu. Raunin saniyar kuwa tsaga ce, faɗin yatsu biyu.

Ya ce, "Tawa ta Faransi ce, ko albasa ba ta yankawa. Wannan aikin wuƙa mai faɗi ne, mai ƙotar itace, irin ta Jamus. Ɗaya na sani a garin nan."

Duk ido ya koma kan Tanimu, wanda kullum yake saran kara da irinta. Ya sunkuyar da kai.

Washegari an tafi Agiye, amma Balarabe ne ya raka yayansa, da igiyar da ya sayo da kansa.

Darasi: Ilimin da ya hana ka durƙusawa ka duba hujja girman kai ne, kuma wanda ka raina yana iya fin ka sani. Ku tura wa duk wanda aka bai wa kujera, ya karanta kafin ya yanke wa wani hukunci.