Miyar da Aka Kai wa Labbo

An yi wani mutum a wajen Unguwar Lalle, cikin shekarun nan na fari da gero ke ƙonewa tun bai kai gwiwa ba. Wallahi ba mugu ba ne. Mai fara'a ne, mai son 'ya'yansa kamar me.

Ruwa ya ɗan sauka, naman kaza, tsiron nan mai kama da laima, ya fito fari fat a tsohon makwancin shanu. Bawan Allah ya cika hularsa. Da ya murza gindin guda sai ya ga ya koma rawaya, ga wari kamar na magani. To, akwai na ci, akwai mai kama da shi da ke murɗa ciki. Wanne ne wannan? Bai sani ba. Ya zubar kuma, da wannan yunwa?

Sai Shaiɗan ya raɗa masa dabara. Ya sa matarsa Tasalla ta yi miya, ya hana kowa taɓawa. Ya ce a ɗiba a kai wa maƙwabcinsa Labbo, Bafulatanin da ke aiko wa yaransa nonon saniya ɗaya da ta rage masa. In Labbo ya kwana lafiya, sai su ci.

Labbo ya yi ta godiya, amma bai ci ba. Tsohuwarsa Inno ya miƙa wa, don ita yunwa ta fi kayarwa. Ya 'yan uwa, abin ba ya kisa, amma jikin da yunwa ta riga ta cinye fa? Amai da zawo, har aka fara laƙƙana mata kalmar shahada. Allah ya sa da sauran kwana.

Tasalla ta zo dubiya, ita kuwa ba ta iya ɓoye magana ba.

"Wayyo Inno, sannu! Mu Allah ya tsare. Maigida ya ce kada mu ci sai mun ga yadda kunka kwana."

Labbo kuwa nonon ma bai daina aikowa ba, ya ce yara ba su da laifi. Amma magana ta zaga gari. In magidanta sun fito da tuwo ƙofar masallaci don ciyayya, kowane akushi sai an suɗe shi, ban da na mijin Tasalla. Shekarar da ake lasar tukunya, shi yake komawa gida da akushi cike. Kaico, har ya tsufa ba wanda ya sake sa hannu a abincinsa.

Me zai hana ya ce, "Labbo, duba wanga abu, ina shakkarsa"? Abin da kake tsoron ba ɗanka, kada ka sa masa sunan kyauta ka ba ɗan wani.

Allah ya yafe masa, mu kuma ya kiyaye mu da cutar wanda ya amince da mu. Amin.